Shiftar Bakanon Dole

A shekarun da ake jan titin jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau, ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar elementare a wani gari na ƙasar Bungudu. Ɗaki ɗaya ne na laka da jinka, da rumfar zana a gabansa, da rijiyar da muka haƙa da hannunmu ni da yaran. Akwai wani dattijo da kan zo da hantsi ya koyar da addini ya tafi. Sauran aikin duk a wuyana yake, har da gyaran jinka in ruwa ya ɓata ta.

Yaran nan ba wanda ya kawo mini su. Gida-gida na bi, na sha zagi har na ƙoshi. Wannan ya ce boko hanyar wuta ce, wancan ya ce wa zai tsare masa gero daga tsuntsaye. Wani Bafillatani sai da na taka zuwa rugarsa sau huɗu kafin ya ba ni ɗa guda, shi ma don ya huta da ganin fuskata. Alkawarin da na yi wa iyayen ɗaya ne: su ba ni yaran shekara uku, zan mayar musu da waɗanda za su karanta musu takardar alƙali, su rubuta musu wasiƙa, ba sai sun je sun durƙusa wa malamin hakimi ba.

Ana cikin shekara ta uku sai Baturen makaranta ya aiko aka kira mu Gusau. Mu uku ne masu makarantu a wannan yanki: ni, da wani a ƙasar Tsafe, da wani a cikin Gusau. Bature ya ce En'e, hukumar da ke biyanmu, ba za ta iya ɗaukar uku ba. Zai zaga ya gwada yaran da karatu da lissafi da shifta, ya jera makarantun. Wadda ta zo ƙarshe za a rufe ta, a kwashi masu ƙoƙarinta a kai wa wadda ta zo farko, sauran kowa ya koma gidan ubansa. Haka ya faɗa yana goge gilashin idonsa, kamar maganar rumbuna uku yake yi da za a rushe ɗaya.

Malamin Tsafe dattijo ne mai sanyin hali, irin wanda ko akuya ta ci masa rawani sai ya ba ta haƙuri. Ban taɓa jin tsoronsa ba, ban kuma taɓa ganin girmansa ba. Na Gusau shi ne ƙayar. Tare muka yi karatu a Sakkwato, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Daga nan aka tura shi Kano ya yi shekara biyu, ya dawo da sabon baki. Mutumin da uwarsa ke nan ƙauyen Wonaka tana dama hura, ya dawo yana ce mana "fura", yana tsuke leɓe kamar mai hura wuta. In ka gaishe shi ka ce lahiya, sai ya amsa da "lafiya" a hankali, don ka ji inda ka yi kuskure. Ni na laƙaba masa Bakanon Dole a wani taron suna, a gaban mutane, sunan kuwa ya bi shi har kasuwa. Ya sani ni ne, bai taɓa yi mini maganar ba, bai kuma taɓa yafewa ba.

Bature ya ce don kada wani ya yi ƙorafi, baki ɗaya ne zai karanta shifta a makarantun uku. Ya zaɓi Bakanon Dole, wai Hausarsa ta fi kama da ta littafi. Malamin kowace makaranta zai fita waje lokacin da ake gwada yaransa, sai dai a Gusau ba yadda za a yi, tunda mai makarantar shi ne mai karantawa. Raina bai so ba, amma na amince, don ina ganin yarana ba su da abin tsoro.

Dalilin wannan gadara tawa shi ne yadda na koyar da shifta. Littattafan da ake kawo mana da bakin Kano aka rubuta su, yarana kuwa da bakin iyayensu suke magana. Sai na ce ba zan ɓata lokaci wajen murɗe musu harshe ba, kunne zan gyara musu da hannu. Na koya musu cewa duk abin da kunne ya ji shi hannu zai rubuta. In na karanta musu littafi, nakan matse bakina in fitar da fa, su rubuta fa. In tsohuwa ta zo a rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta mai aikin titin jirgi, ta ce "ka hwaɗa mai ina lahiya", haka za su rubuta, ɗan ya ji muryar uwarsa a takarda. Mutanen gari sun so wannan ƙwarai, ni kuma kaina ya kumbura.

Da muka fito daga wurin Bature, Bakanon Dole ya ja mu zaurensa cin tuwo. Ana ci yana ta yabon yaransa, wai sun haddace littafin karatu daga bango zuwa bango, ko a barci ka tashe su za su kawo maka. Na haɗiye ta farko, na haɗiye ta biyu, ta uku ta ƙi wucewa.

Na ce, "Malam, ai naka aku na, ba ɗiyan makaranta ba. Nau kunne ag gare su. Abin da baki yah hwaɗi shi su ka rubutawa, ba ƙari ba ragi. In kac ce fari su rubuta fari, in kac ce hwari su rubuta hwari."

Hannunsa na cikin akushi ya tsaya. Ya dube ni, ya yi murmushi. "Ashe? Ko da mutum ya faɗa ba daidai ba?"

"Ko tari kay yi sai sun rubuta ma shi."

"To madalla," in ji shi. "Allah ya ƙara basira."

Malamin Tsafe ya yi dariya ya ci gaba da suɗe yatsa. Ni kuma na koma gida ina jin daɗi na gasa wa Bakanon Dole magana. Masu iya magana sun ce baki shi kan yanka wuya, a ranar ban tuna ba.

Da bazara aka fara zagayen, daga Gusau. Ina zaune a gefe a matsayin shaida na ga yaransa. Karatu kam sun zuba shi kamar ruwa, amma da Bature ya buɗe tsakiyar littafi ya nuna wa ɗaya layi da yatsa, sai yaron ya koma farkon shafi ya faro daga can. A lissafi suka yi ta ƙirga yatsun ƙafa. Shiftar gajera ce, labarin wani manomi ne, na kuma riƙe farkonta har yau: manomi ya fita da farar safiya, ya tafi fadama, ya iske fari sun faɗa wa gonarsa. Bakanon Dole ya karanta ta tsaf da bakin littafi, kowace fa ta fito da ƙafafunta.

Muka wuce zuwa ƙasar Tsafe ta gindin duwatsun Kwatarkwashi, Bature a kan doki da laimarsa, mu a baya. Can ma haka Bakanon Dole ya karanta, ba inda ya karkace. Yaran dattijon nan abin tausayi ne. Rabinsu ba su kai ƙarshen shiftar ba, wani ma daga dama ya faro rubutun kamar a allo. Na dubi malaminsu yana share gumi da bakin rawani, na ce a raina, to wannan ya gama yawo. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, gaskiya ce nake faɗa.

Mu ne na ƙarshe. Yarana suka wanke rigunansu a gulbi, suka share fili tun da safe. A lissafi ba wanda ya taɓa yatsa, na ga Bature ya ɗaga gira yana rubutu a littafinsa. A karatu sun yi daidai gwargwado, sai dai suna karanta fa da hwa, Bature ya ɗan yamutsa fuska. Na saci kallon Bakanon Dole, fuskarsa ta yi tauri.

Da aka zo shifta aka raba musu takarda da fensir, aka ce in fita. Bature ma ya fita, wakilin hakimi ya ja shi ya nuna masa rijiya da 'yar gonar makaranta. Aka bar malamin Tsafe a ciki shaida. Ni na tsaya a bayan zana, inda nake jin komai ba a ganina.

Bakanon Dole ya yi gyaran murya. Sai na ji wata murya da rabona da ita tun muna yara a Sakkwato.

"Manomi ya hita da hwaras sahiya. Na sake. Ya hita, da hwaras sahiya. Ya tahi hwadama."

Da farko na ɗauka kunnena ne. Sai ya ci gaba, a hankali, yana maimaita kowace gaɓa sau biyu kamar malamin kirki mai son yara su samu: "Ya iske hwari sun hwaɗa wa gonarsa." Bakin Wonaka tsantsa, wanda ko uwarsa ba za ta fi shi iyawa ba. Ina jin ƙarar fensirori a kan takarda. Na san abin da suke rubutawa, ni na koya musu.

In na faɗa ɗakin, na karya dokar Bature, an kuma ce na shiga ba yarana amsa. In na ruga wurin rijiya, kafin in yi bayani a dawo an gama. Na tsaya ina sauraron ko malamin Tsafe zai ce uffan. Ko tari bai yi ba. Haka na tsaya riƙe da zana har sai da karan ya shige mini tafin hannu.

Bature ya zauna a inuwar rumfa da jan fensir. Ina kallo yana soka, yana soka, takarda bayan takarda, har suka koma kamar an yanka kaza a kansu. Rubutun yaran nan tsaf, layi a miƙe, ba harafin da ya ɓace. Abin da aka faɗa musu suka rubuta, ba ƙari ba ragi. Ya kira ni, da Hausarsa ta hanci.

"Malam, yaranka ba su san harafin fa ba."

Na durƙusa. "Ranka shi daɗe, sun san shi sarai. Ba a hwaɗa masu shi ba na. Abin da anka karanta masu shi sunka rubuta. Malam ya sauya baki, ni da kunnena na jiya."

Ya juya ga Bakanon Dole. Shi kuma ya buɗe ido, ya dafa ƙirji, ya miƙa littafin da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ga littafi, ga bakina. Shekara nawa kana jin maganata? Yaushe ka taɓa jin na faɗi haka?"

Bature ya tambayi malamin Tsafe. Dattijon ya sunkuyar da kai yana wasa da tasbaha. "Ni dai, ranka shi daɗe, hankalina na ga tsaron yara, kar wani shi leƙi na wani. Ban lura da karatun ba."

Ƙarya yake yi, ya kuma san na sani. Shi ne a bakin rami, sai ga wani ya faɗa a madadinsa, ina zai miƙa hannu?

Na ce a tambayi yaran. Bature ya yarda, aka kira ɗan Bafillatanin nan, wanda ya fi kowa hannu. Yaron bai taɓa tsayawa gaban Bature shi kaɗai ba.

"Me malam ya karanta muku?"

"Cewa yay yi hwari sun hwaɗa ma gona."

"Ce fari."

"Hwari."

"Fari."

"Hwari, ranka shi daɗe."

A nan na gane ramin da na haƙa wa kaina. Kunne na gyara musu da hannu, ban taɓa taɓa bakinsu ba. Ko fari aka faɗa musu, in ka ce su maimaita, hwari za su ce. Shaidata ba ta da bakin da za ta ba da shaida. Bakanon Dole ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Ba laifinsu ba ne. Ai ka ji malamin nasu ma yanzu, haka yake faɗa. Kamar kumbo kamar kayanta."

Na roƙi Bature ya sake karanta musu da bakinsa, layi biyu kawai, ya gani. Ya ciro agogo daga aljihu ya duba. Ya ce gwaji ɗaya aka yi wa kowa, in ya sake wa makaranta ɗaya sai ya sake wa uku, shi kuwa ana jiransa a Gusau. Ya tattara takardun ya ɗaure da zare. Ban ƙi Baturen nan kamar yadda na ƙi 'yan'uwana biyu ba. Shi baƙo ne, abin da aka nuna masa ya gani. Da ma ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Ana ɗaura wa doki sirdi na tare Bakanon Dole a bakin rijiya, ba kowa kusa. Na ce masa munafuki, na ce masa maci amana, na ambaci akushin da muka ci tare a Sakkwato. Hannuna har ya kai wuyan rigarsa. Bai ja da baya ba. Ya matso kusa da kunnena, ya sake ajiye bakin Kano a gefe.

"Kai kac ce kunne ag gare su, Malam. Ni gwadawa niy yi in gani. Wallahi gaskiyakka ta, ko guda ba su kuskure ba."

Ya cire hannuna daga rigarsa, ya gyara wuyanta, ya tafi riƙe wa Bature linzami. Malamin Tsafe ya raɓo ta bayana yana cewa in yi haƙuri, shi ma iyali gare shi. Na tofar da yawu a gaban takalminsa. Dattijo ne, ya kusa haihuwata, ban kuma yi nadama ba har yau.

Takarda ta zo da ruwan farko. Gusau ta ɗaya, Tsafe ta biyu, mu na uku. An yabi lissafinmu a layi ɗaya, aka ce amma makarantar da yaranta ba su iya rubuta harshensu ba ba ta da tushe. Harshensu! Na karanta wurin nan ya fi sau goma. Aka ce a rufe, a kai yara shida Gusau, ni kuma in koma rubutu a kotun alƙali. Ga shi yau da wannan fa ɗin tasu nake rubuta labarin nan, don in na rubuta da bakina ba mai buga mini.

Iyaye suka zo kwasar 'ya'yansu, da ma lokacin shuka ne. Wasu sun yi mini jaje, wasu dariya. Wanda ya ce boko hanyar wuta ce ya tsaya a bakin rumfa yana tambaya da ƙarfi ko wutar ce ta ci makarantar. Bafillatanin nan ya zo da sandarsa a kafaɗa, ɗansa na cikin shidan. Bai zauna ba.

"Malam, kai nib ba ɗana, ba wani ba. Yanzu wa za ka ba shi?"

Na ce wani malami ne a Gusau. Ya tambaya ko mutumin kirki ne. Na ce ya iya karatu. Ya juya ya tafi.

Ni aka ɗora wa kai yaran shidan Gusau. Muka tashi da sassafe a ƙasa, kowane yaro da ƙullin kayansa a ka. Ina tafe ina tunanin bulalar Bakanon Dole, don na san duk hwa da ta fito daga bakin yaran nan a ajinsa, ni zai riƙa duka a jikinsu. Da muka kai wata tsamiya a bakin gulbi na ce su sauke kaya. Na jera su, na ce kowa ya dubi bakina. Abin da na ƙi yi shekara uku na yi shi a hantsi ɗaya. Fari. Fita. Tafi. Fadama. Suna yi suna dariya, suna tsuke leɓe suna nuna juna, har na daka musu tsawa, na ɗaga wa ƙaraminsu hannu, ni da ban taɓa dukan yaro a kan karatu ba. Dariyar ta mutu. Muka ci gaba da tafiya suna maimaitawa a hanya, masu jakuna na waiwayenmu.

Mun iske Bakanon Dole a ƙofar makarantarsa da wasu manyan gari, an shimfiɗa musu tabarma. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Ya ƙirga yaran da bakin bulala. Sannan ya miƙa wa ɗan Bafillatanin littafi, ya buɗe masa labarin manomin nan, ya ce ya karanta wa baƙi. Na san so yake a yi dariya.

Yaron ya karanta. Ya fita da farar safiya, ya tafi fadama. Kowace fa ta fito, ko ɗaya bai tuntuɓe ba.

Bakanon Dole ya ɗan yi turus. Sai ya juya ga mutanen ya buɗe hannu. "Kun gani? Ƙafa kawai ya sa a makarantar nan, bakinsa ya fara gyaruwa."

Suka yi dariya, suna Allah ya ƙara wa malam albarka. Yaron ya juyo yana dubana, yana jira in ce ni ne na koya masa. Na so in faɗa. Amma ni zan tafi, su za su kwana a nan. Na ce, "Haka ne, Malam. Ga amana nan." Na sa hannu a takardar da ya miƙo, na yi sallama.

Na kai bakin hanya sai na ji gudu a bayana. Ƙaramin nan ne, wanda na ɗaga wa hannu a gindin tsamiya.

"Malam, in ya ƙara hwaɗin hwa cikin shifta, mi za mu rubuta?"

Na ce, "Abin da ke littahi."

"Ko ba shi munka ji ba?"

"Ko ba shi kunka ji ba. Kar ka ƙara yarda da kunnenka. Koma, kar shi gan ka nan."

Ya tsaya kaɗan yana dubana, ko zan ce wasa nake yi. Da ya ga ban ce ba, ya juya ya koma ciki da gudu.